Kusa da Atika Mai Fura

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan La'asar

Yau aka buɗe shafin a intanet. Taswirar Kowa, haka ƙungiyar da ta haɗa shi ta raɗa masa suna. Tun safe na kasa yin aikin kirki, sai latse-latsen kwamfuta nake ina leƙe kamar wadda aka kai ganin ɗakin amarya. Malam Badaru, shugaban ɗan asibitinmu na nan Shagari, ya leƙo ɗakin ajiyar bayanai ya ce, "Malama Suwaiba, aiki anka ɗauke ki ko kallo?" Na ce duka biyun, ranka shi daɗe.

Abin da ya burge ni shi ne yadda suka ƙulla komai da komai. Bayanan rijiyoyin burtsatse daban aka tara su, na makarantu daban, na masu ƙananan sana'o'i daban, namu na asibiti daban. To kwamfutarsu in ta ga abu ɗaya ya fito a wuri biyu, sai ta ɗaure su da kanta. Ka taɓa makaranta, ta nuna maka rijiyar da ke kusa da ita. Ka taɓa rijiyar, ta gaya maka yaushe ta lalace. Kowa yana iya shiga ya duba, ba a tambayar ko kai wane ne. Na nemo gidanmu a Bodinga har na ga bishiyar dogon yaro ta ƙofar gida.

Namu bayanan sai da aka cire sunayen marasa lafiya kafin a tura. Ni na cire da hannuna, don haka hankalina kwance yake.

A saman shafin akwai ɗan hoton kwaɗon kulle. A wajen horon da ƙungiyar ta yi mana sun ce ma'anarsa duk abin da ya tashi daga wayarka zuwa wurinsu a rufe yake tafiya, ba mai leƙa shi a hanya. Ina son in san yadda ake kulle abin da ba a gani. Na tambaya a lokacin, mai koyarwar ya ce lissafi ne. Amsar ba ta ƙosar da ni ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, da rana

Zafi. Ba wuta, ba sabis, ba mai son magana.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan Magariba

Kullum in na taso aiki nakan sauka Lambara in sha furar Inna Atika kafin in nemi motar Bodinga. Wanda bai san Inna Atika ba bai san Lambara ba. A bazara irin wannan, da La'asar ba ka samun wurin zama a bencinta, sai dai ka sha a tsaye da ƙwarya a hannu. Da furar nan take riƙe gidan gaba ɗaya, ita da Hadiza matar ɗanta da jikoki, tun rasuwar Sulaimanu, ɗanta na fari, a abin nan da ya faru a hanya bara. Ba na son rubuta wannan.

Yau ni kaɗai ce a bencin. Ƙwaryoyi a kife, dawo cike da kwano an rufe da faifai.

Na ce, "Inna, lahiya? Ina mutane?"

Ta ce, "Ni ma su nika tambaya, ɗiyata. Tun shekaranjiya anka ɗauke ƙahwa. Na ɗanɗana nonon, lahiya lau. Na sake gero. Ko Tasi'u mai hwaci, da ba shi ƙetare rana bai sha ba, yau ta can tsallake yab bi."

Tana faɗa tana dariya, amma ta cika mini ƙwarya fiye da kullum. Ruwa dai ba ya tsami banza. Duk hanya ina juya abin a raina.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da hantsi

A motar safe wani mutum da ke gefena yana nuna wa abokinsa hoto a waya. Ni kuwa Allah bai yi ni da iya kau da kai ba, Hajiyarmu takan ce wuyana ya fi na raƙumi aiki. Na leƙa.

Taswirarmu ce, an ɗauko hoton daga shafin an watsa a guruf. Lambara. Jajayen ɗigo cunkushe a kan gida ɗaya kamar an zubar da barkono. A ƙasa sunan ciwon, sannan an rubuta: "Wuri: Atika mai fura."

Ba zan rubuta sunan ciwon a nan ba. Shi ne wanda muke ba da maganinsa a ɗakin baya, wanda masu karɓa suke sammako don kada a gan su. Mutane sun yi imani ana ɗaukarsa a ƙwarya da ludayi, kuma ba bayanin da ba mu yi ba.

Mutumin ya ce, "Ka gani ko? Gidan duk ya kamu, kuma tana dama ma mutane hura." Abokin ya ce Allah shi kyauta, shi ma ya sha.

Na san ba gaskiya ba ne. Inna Atika ba ta taɓa taka ɗakin baya ba, haka Hadiza, haka yaran. Ni ke riƙe da bayanan. Amma ban ce uffan ba, don in na ce ba ita ba ce, tambaya ta gaba ita ce to su wa ne. Motar ta tsaya na sauka. Kuma, Allah na tuba, rabin zuciyata ba abin da take so sai ta san yadda aka yi ɗigon suka hau kanta.

Asabar, 19 ga Afrilu, da walaha

Na gano.

Ina wanke-wanke na ji maigidana, Abban Safiyya, yana yi wa mai kawo yashi kwatance a waya: in ka zo wajen mai tsire ka karya dama, gida na bayan injin niƙa. Sai da kwanon ya suɓuce mini.

A Lambara gidaje ba su da lamba. In na tambayi mara lafiya ina yake zaune, cewa yake "kusa da Atika mai hura", ko "bayan Atika mai hura", ko "in kin wuce Atika mai hura". Wasu ma unguwarsu da nisa, sun dai fi son kwatancen da ba zai kai ka ƙofarsu ba. Haka muke rubutawa tun kafin in zo aikin. Sunayensu aka cire, kwatancen ya tafi yadda yake. A can kuma cikin bayanan masu sana'a akwai Atika mai fura, da hotonta, da daidai inda gidanta yake. Kwamfuta ta ga suna ɗaya a wuri biyu, ta yi abin da aka koya mata. "Kusa da" da "bayan" ba su dame ta ba.

An gudu gara an faɗa zago. Duk cikin bayanan ciwon nan mutum ɗaya ce ta fito da sunanta, kuma ita ce lafiyarta lau. Na ji daɗin ganowa, sannan na ji kunyar jin daɗin.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan Azahar

Na gaya wa Malam Badaru. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar, ya ce in kira ƙungiyar.

Wata Sakina ce ta ɗauka, daga ofishinsu na Sakkwato. Mai haƙuri ce, ta bar ni na gama zuba. Ta ce bayanan asibiti ba a taɓa su sai lokacin tura sababbi, ƙarshen watan Yuni, don wasu shafuka da yawa daga nan suke ɗiba, in aka ja zare ɗaya sai saƙar ta warware. Na ce kafin Yuni ai damina ta sauka, furar bazara ta wuce, gidan ya mutu.

Ta ce akwai gajeriyar hanya. In mai sana'ar ta nemi a cire bayananta, ɗigon ba su da abin kamawa, sai su koma tsakiyar mazaɓa inda ba gidan kowa. Amma ita da kanta za ta nema, kuma sai an tabbatar ita ce.

Na ce, "Ashe sa mutum a taswira ba a tambaya tai, cire shi ne sai da shaida?"

Ta ce ta san abin da ciwo. Amma an taɓa samun wani ya kira da sunan abokin gasarsa ya sa aka goge shi, shi ya sa aka tsaurara. Na so in ji haushin dokar, sai na ga tana da hujja. Za su tura lambar sirri a layin da aka yi rajista da shi, mai sana'a ta karanto musu, shi ke nan.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan Isha'i

Na gaya wa Inna Atika komai, ban da sunayen masu ciwon. Na zata za ta yi kuka ko ta zage ni. Sai ta karɓi wayata ta kawo ta kusa da ido tana kallon jajayen ɗigon.

"Wanga shi na gidana?"

Na ce shi ne.

"To ina turmina?"

Na ce ba a ganin turmi. Ta ce to mi anka gani, an ga abin da babu, ba a ga abin da ke akwai ba. Sannan ta tambaye ni ko masu ciwon suna samun sauƙi. Na ce suna samu. Ta ce alhamdu lillahi, ba ta tambayi ko su wa ne ba.

Sai maganar layi. Ita ba ta da waya, ba ta taɓa yi ba. Hadiza ta ce ai marigayi ne ya yi mata rajistar shekara biyu da suka wuce, da layinsa. Wayar ba ta dawo tare da shi ba. Na gwada kiran lambar, an ce ba ta aiki.

Laraba, 23 ga Afrilu, da safe

Na buɗe shafin. Ɗigon suna nan, kwaɗon yana nan.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan Magariba

Sakina ta ce in layi ya mutu akwai hanya ta biyu: kiran bidiyo. Za ta ga fuskar mai sana'a ta gwada da hoton rajista, sannan ta yi mata tambayar sirrin da aka zaɓa ranar rajista, ita kuma ta amsa da bakinta. Ana naɗar kiran, wasu a sama su duba. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Mun yi a zauren Inna, na jingina wayar da ƙwarya. Inna ta gyara lulluɓi ta zauna a miƙe kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Suka gaisa da Sakina, gaisuwar da ta isa ta cinye mini rabin data. Fuska ta yi daidai.

Sakina ta ce, "Inna, tambaya guda ta rage." Na ga ta duba gabanta. "Mi ne sunan ɗanki na hwari?"

 Hadiza ta sunkuyar da kai.

Inna ta ce, "Baban Salisu."

"Sunanai na yanka, Inna."

"Kowa ya san shi. Tambayi Suwaiba, ga ta nan."

Na buɗe baki, Sakina ta ɗaga hannu. "Malama Suwaiba, don Allah kar ki hwaɗi. In wani ya hwaɗi, kiran ya ɓaci."

Inna ta dubi wayar ta ce, "Ke ɗiyar wa ce? Ba ki da kaka?"

Sakina ta ce tana da ita, kuma ita ma ba ta taɓa kiran sunan babanta ba. Muryarta ta yi ƙasa. Ta ce amma abin da aka rubuta a nan shi za a ji, ba ta da ikon canzawa. Inna ta tashi ta shige cikin gida. Kiran ya ƙare ba a tabbatar ba.

Duk Lambara sun san amsar. Direbobi sun sani, Tasi'u mai faci ya sani, ni na sani. Wace irin tambayar sirri ce wannan?

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan La'asar

Ban iya haƙuri ba, sai da na tambayi Hadiza dalilin da ya sa Sulaimanu ya zaɓi wannan tambaya cikin duk tambayoyin duniya.

Ta yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta tun bara. Ta ce ranar ya dawo yana dariya har yana riƙe ciki, ya ce ya kulle wa Inna sana'arta da makullin da ko ita ba ta iya buɗewa. Ashe tsohon wasansu ne. Tun yana saurayi yake ɗana mata tarko. Ya kawo abokinsa mai suna irin nasa ya ce Inna, gaishe shi da sunansa, ta ce sannu mai sunan wancan. Ya tambaye ta wane Annabi ne aka hore wa iska, ta ce wanda ke jin maganar tsuntsaye. Yana yaro "kai" take ce masa, ko "yaron ga". Da ya haihu ya zama Baban Salisu. Bai taɓa kama ta ba.

Hadiza ta ce, "Yakan ce wata rana sai ta hwaɗi." Daga nan ban ƙara tambaya ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da hantsi

Na je gaida Hajiyarmu na tambaye ta, wai mene ne zai faru in uwa ta kira sunan ɗan fari? Ta ce ba abin da zai faru. Na ce to me ya hana? Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya hana ta fita ba ɗankwali. Ta ce ke da kike ta kaɗa baki, faɗi sunan mijinki in ji. Na ce ai wannan daban. Ta ce to.

A hanyar dawowa na gwada faɗa a hankali cikin keke. Ya fito, amma sai da na waiga.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan Azahar

Malam Badaru ya roƙi liman ya yi sanarwa ranar Juma'a cewa kuskuren na'ura ne, gidan Atika lafiya lau. Liman ya yi, Allah ya saka masa. Amma ana wata ga wata. Yanzu zancen da ake a bakin titi shi ne, in ba ita ba ce, to maƙwabtanta ne, su wa ne? An fara ƙirga gidaje da ido. Masu cewa ita ce kuma sun ce da ƙarya ne ai da an goge, ga shi har yau yana nan, kowa ya buɗe ya gani.

Yau wani da bai taɓa fashin karɓar magani ba bai zo ba. Na san dalili. Ba zan rubuta ko wane ne ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan Magariba

Wata dabara ta zo mini a mota. Inna ta yi allo tana yarinya, tana ɗan iya ajami. Me zai hana ta rubuta ta nuna wa waya? Na kira Sakina, ta ce za ta kai maganar sama, amma masu duba kiran ba su karanta ajami, kuma sai kwamiti ya zauna. Na ce yaushe? Ta ce ba ta sani ba.

Duk da haka na kai wa Inna shawarar. Ta ce, "Abin da baki bai hwaɗi ba, hannu ka hwaɗi nai?" Ta ci gaba da tsince geronta.

Benci ba kowa. Ta rage dawo zuwa ɗan kaɗan, shi ma da yamma awaki suka ci rabi. Na sha ƙwarya biyu a bakin titi inda kowa zai gan ni, da rigar aiki a jikina. Cikina ya cika, ba wanda ya tsallako.

Alhamis, 1 ga Mayu, da rana

Hutu. Na buɗe shafin sau ban san adadi ba, kamar ɗigon za su gaji su tafi.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan Isha'i

Yau na yi abin da bai kamata ba, ko in ce na so in yi. Ni da aka tura horo kan amanar bayanai.

Na ce wa Inna mu sake kira. Ta ja mayafi ta ɗan rufe baki kamar mai jin kunya, ni kuma in zauna bayan ƙofa in faɗi sunan da muryar tsofaffi. Sabis ɗin Lambara dama yana yankewa, wa zai gane? Har na gwada mata muryar. Hadiza ta ƙyalƙyale da dariya.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wato in zauna, wata ta zama uwatai a gaban mutane?"

Na ce ba haka nake nufi ba.

"Na san ba haka kika nuhi ba, ɗiyata. Amma ni nis sha wahalar haihuwatai. In za a tambayi uwatai, ni za a tambaya."

Na ce to ki amsa mana, Inna. Da ƙarfi na faɗa, ban san ya fito haka ba. Ta dube ni kawai. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Har na iso Bodinga kunya ba ta sake ni ba.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan La'asar

Ba ta yi fura ba yau. Turmi a kife. Tun da nake bin hanyar nan ban taɓa ganin haka ba, ko makon rasuwa maƙwabta sun daka mata.

Hadiza ta raka ni bakin titi ta gaya mini babanta ya aiko daga garinsu. Ya ji zancen, ya ce ta tattaro yaran ta koma gida kafin ƙarshen mako, tunda abin da ake ci da shi ya tsaya, ga kuma sunan da aka liƙa wa gidan. Ba ta son tafiya. Amma ta ce jiya da dare kunu kawai yaran suka sha, kuma an fara hana 'ya'yan maƙwabta wasa da su.

Na ce Inna ta sani? Ta ce a gabanta ɗan aiken ya faɗa, sai Inna ta tashi ta ɗaura alwala alhali lokacin salla bai yi ba.

Ina jin tsoro. Yaran nan su ne abin da ya rage mata na Sulaimanu.

Talata, 6 ga Mayu, da safe

Na kira Sakina. Kwamiti bai zauna ba.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan Azahar

Ina cikin aiki aka ce ina da baƙuwa. Inna Atika ce, ta shigo mota ita kaɗai tun daga Lambara, da atamfar da take zuwa suna da ita. Ba ta taɓa zuwa ofishina ba. Ta ƙi zama a bencin jira, ta shigo ɗakin bayanai ta duba ko'ina.

"Nan na inda kuka aje mutane?"

Na ce nan ne.

"Kira min yarinyar ga ta Sakkwato. Ba ni son yi a gida, yara na ji."

Malam Badaru ya leƙo zai gaishe ta, ta amsa, sannan ta ce ya yi haƙuri ya ja musu ƙofa. Ya ja. Na jingina wayar da kwamfuta na kira. Na ce Inna, ni ma in fita? Ta ce a'a, ki tsaya, ke kinka jawo. Ban san ko wasa take ba.

Kafin a fara ta yi wa Sakina tambayoyi. Wa zai ji abin da za ta faɗa? Sakina ta ce ita, da mutum biyu masu dubawa. A hanya fa, ba mai saurare? Sakina ta ce a kulle yake tafiya. In an gama ina za a kai muryar? Ta ce za a ajiye na ɗan lokaci sannan a goge. Inna ta ce, "Ki tabbata." Sakina ta ce ta yi alkawari. Ni da na je horo ban yi waɗannan tambayoyin ba sai ɗaya.

Aka duba fuska. Sakina ta karanta tambayar a hankali, ba ta ɗago ido ba.

Inna ta ɗora hannuwa a gwiwa. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta yi gyaran murya. Ina jin fankar sama tana juyi, ina jin wani yaro yana kuka a ɗakin allura. Na kafa ido a kan siminti.

"Sulaimanu."

Ba da ƙarfi ba, amma sarai. Ta ja ƙarshensa kaɗan, yadda ake yi in ana kiran yaro daga nesa.

Sakina ta ce an tabbatar. Sannan ta ce Allah shi gafarta mai, Inna. Inna ta ce amin, ta tashi ta gyara mayafi. Na ce ta tsaya in kawo ruwa, ta ce tana da jiƙon gero a gida. Na raka ta tasha. Da na dawo na rufe ƙofa na yi kukana.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Ɗigon sun tashi. Sun koma wani fili a tsakiyar mazaɓa inda ba kowa sai gonakin albasa. Atika mai fura ma babu ita a taswirar, kamar ba a taɓa yin ta ba. Na ɗauki hoton na ba Malam Badaru ya watsa a guruf. Daga yau kuma mun daina rubuta sunan kowa a kwatance, mazaɓa kawai.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan Magariba

Na sauka Lambara. Tun daga titi na ji daka. Direbobi biyu a benci da wani baƙo da bai san komai ba. Tasi'u mai faci yana tsallake yana leƙowa, bai iso ba tukuna. Hadiza ta ce ta aika wa babanta ya ƙara mata lokaci, ba ta ɗaure kaya ba. Ko zai yarda, Allah masani.

Na jira har direbobin suka tashi. Ina da tambaya a bakina tun shekaranjiya, yadda ta ji da ta faɗa, amma yau na riƙe wuyana. Inna ta ɗauki ƙwarya tana dama mini, ludayi yana zagayawa, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Suwaiba, kin san ba shi da wuya? Ni ina zaton harshena ka karyewa."

Ta ci gaba da damawa.

"Shekara da shekaru shina biɗar in hwaɗi. Na hwaɗa ma waya, na hwaɗa ma mutanen da ban sani ba." Ludayin ya tsaya. "Da na sani, da na kirai da shi ko sau guda shina ji."

Ta miƙo mini ƙwaryar. Ta manta ba ta sa sukari ba. Na shanye, ban gaya mata ba.